Ku Tambaya: Me ya sa fentin jirgin da na sauke ya ƙi hawa?

Tambayar wannan makon daga wani matashi ce a Zariya, kan manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta. Ga abin da ya rubuto:

“Assalamu alaikum Malam. Ina da Microsoft Flight Simulator na 2020 a kwamfutata. Na sauke fentin wani kamfanin jirgin saman Najeriya don in ɗora wa jirgina, amma da na buɗe manhajar ko alamarsa ban gani ba. Na gwada wani, shi kuma jirgin ya fito da tabo-tabo na ruwan hoda. Burina in tashi daga Kano zuwa Jidda a jirgi mai fentin gida, irin wanda ya kai kakana aikin Hajji. Ina matsalar take?”

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kada ka kai ta wajen mai gyara. Akwai abu biyu da mutane suke haɗawa wuri guda, kuma daga nan rikicin yake farawa. Jirgin daban, fentin daban. Jirgin shi ne gangar jiki, da ɗakin matuƙi, da injuna, da lissafin yadda zai tashi ya sauka. Fentin kuwa hotuna ne kawai da ake lulluɓa wa gangar jikin, kuma kowane mai ƙera jirgi don manhajar yana da yadda ya shimfiɗa jikin nasa a kan hoton: nan ne wutsiya, nan ne fiffike, nan ne ƙofa. Rigar da tela ya ɗinka wa yayanka ba lallai ta shige ka ba, ko da gidanku ɗaya.

Ɗauki Airbus A320 kaɗai. Akwai wanda Asobo, kamfanin Faransa da ya haɗa manhajar, ya sako a ciki tun fitowarta a watan Agustan 2020. Akwai A32NX na FlyByWire, wanda masu sha'awa suka haɗu suka gina kuma kyauta ne. Akwai na Fenix, wanda ake saye. Duk sunansu A320, amma fentin da aka yi wa na Fenix ba zai hau na FlyByWire ba. Saboda haka kafin ka ƙona datarka, karanta bayanin fentin ka ga sunan jirgin da aka yi shi dominsa, da kuma manhajar, domin na X-Plane, wata manhajar tuƙin jirgi ta daban, ba ya aiki a ta Microsoft. Tabon ruwan hodan da ka gani alama ce ta cewa manhajar ta nemi wani hoto ba ta same shi ba, galibi saboda fentin yana dogaro da jirgin da babu shi a kwamfutarka, ko kuma jirgin ya sami sabuntawa fentin bai samu ba.

Wanda bai fito ba sam, ina kyautata zaton wurin ajiya ne. Ana zuba irin waɗannan kaya a foldar da ake kira Community. Idan ka warware fayil ɗin da ka sauke, sau da yawa za ka tarar da folda a cikin folda. Buɗe ka duba: wadda za ka kwafa ita ce wadda fayilolin manifest.json da layout.json suke kwance a cikinta kai-tsaye. In ka kwafi ta waje, manhajar ba za ta gan ta ba, kuma ba za ta ce maka komai ba. Bayan ka kwafa, rufe manhajar gaba ɗaya ka sake buɗewa. Masu X-Plane nasu ya fi sauƙi, kowane jirgi yana da foldar liveries a cikinsa, nan ake jefa fentin.

Yanzu maganar jirgin kakanka, wadda ita ce ta fi taɓa ni a wasiƙar. Ban da Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958 ya daina aiki a 2003, mai fari da kore da tambarin giwa mai fiffike, jiragen da mutanen Arewa suka fi sani da jigilar alhazai su ne Boeing 747 na Kabo Air, daga baya kuma na Max Air. To 747 ɗin da ke cikin manhajarka samfurin 747-8 ne, wanda ya fi su tsawo kuma injunansa daban ne. Kabo ya yi aiki da 747-200, Max Air da 747-400. Idan ka ga fentin ɗayansu a kan 747-8, mai fentin ne ya yi shi don sha'awa, babu irin wannan jirgin a zahiri. Ni ban ga laifinsa ba. Wanda yake so ya ga launin gida a kan wutsiya yana gangarowa Jidda, ya ɗora abinsa ya tashi. Amma wanda yake son ainihin abin, 747-400 yana cikin jiragen da suka zo da X-Plane 11, sannan akwai 747-200 na Felis da ake saye don X-Plane, mai ɗakin matuƙi na da, da kujerar injiniya a baya.

Kai da kake da ta Microsoft, akwai wata dama a hannunka. A watan Nuwamban 2022, da aka cika shekara 40 da fitowar Flight Simulator na farko, an ƙara Airbus A310 na iniBuilds kyauta, kuma Nigeria Airways ya yi aiki da A310. Nemi fentinsa a Flightsim.to, inda masu fenti suka fi zuba aikinsu ba tare da karɓar kuɗi ba. Duba lambar rajistar da ke jikin jirgin: ta Najeriya da 5N take farawa, ta Nijar da 5U.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, fentin kamfanonin Turai da Amurka ya cika ko'ina, namu kuwa sai an tona. Dalili shi ne masu fenti jirgin da suke gani a garinsu suke yi. Shi ya sa nake so yaranmu masu hannun zane su shiga wannan harkar. Yawancin masu ƙera jirgi suna fitar da shimfiɗar jikin jirgin a fayil, ka buɗe a Photoshop ko GIMP, wadda kyauta ce, ka zana. Tsofaffin hotunan Kabo da Nigeria Airways da Air Afrique suna nan a intanet. In ba mu muka zana su ba, sai dai mu jira wani Bature da bai taɓa ganinsu ba ya tuna da mu.

Shawarata game da tafiyar: kada ka fara da Jidda. Tazarar ta haura kilomita 3,000, fiye da awa huɗu a sama, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya ka yi asara. Fara da Kano zuwa Abuja, wato DNKN zuwa DNAA a lambobin filayen jirgi, ƙasa da awa ɗaya. Ka tsaya a jirgi guda har ka iya kunna shi daga a mace, ka shigar da hanya daga SimBrief, shafin intanet da ke tsara hanyar tafiyar jirgi, ka sauka lafiya. Sannan ka rubuta OEJN, lambar filin jirgin Jidda. Kuma ka guji jiragen kuɗi da ake rabawa “kyauta” a ɓoye. Haƙƙin mutane ne, sannan ta nan ake cusa wa kwamfuta manhajar satar bayanai.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta tambaya a taƙaice: “Waya kawai gare ni, zan iya sauke irin waɗannan jiragen?”

Malama, a waya akwai Infinite Flight da X-Plane Mobile, kuma za ki koyi abubuwa da yawa a cikinsu. Amma a Infinite Flight jirgi da fenti duk daga kamfanin suke zuwa, ba ki da damar ɗora naki. Masu na'urar wasa ta Xbox ma ba su da foldar Community, sai abin da ke kasuwar cikin manhajar. In kin sami kwamfuta ko da mai matsakaicin ƙarfi ce, gwada FlightGear. Kyauta ce tun fitowarta a 1997, jiragenta ma kyauta ne, kuma ba ta cin wuri kamar ta Microsoft ta 2020, wadda take neman gigabait 150 a faifai.