In bar koyarwa in kama albasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malami ne a wata makarantar kuɗi a Garwa, arewacin Kamaru, shekarata 9 ina koyarwa. Albashina sefa dubu 75, ga mata ga yara uku, kafin 20 ga wata ya ƙare. Abokina na ƙuruciya yana sayen albasa lokacin cira, ya ajiye, in ta yi tsada ya loda zuwa kudu. Bara har mota ya saya. Ya ce in ajiye aiki mu haɗa jari. Ba ni da tsabar kuɗi, sai wani fili da na saya da kuɗin adashi don in yi gini. In sayar in shiga? Maganar nan ta hana ni barci.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a iyali. Na karanta wasiƙarka sau uku, domin albasar nan ta taɓa sa ni hawaye, ba na yanka ba.

Ribar da ka gani gaskiya ce. Wajen watan Maris da Afrilu albasa takan cika kasuwannin Garwa da Marwa har manomi ya rasa mai saye, amma in damina ta yi nisa sai ta yi ƙaranci, kuɗin buhu ya haura sosai. Daga nan ake kai ta Yawunde da Duwala, wata har Gabon. Abin da ba a faye gaya wa sabon shiga ba shi ne, watannin da kake jiran tsadar, su ne watannin da albasar take mutuwa a hannunka.

Shekarar da na fara, na zuba buhu 40 a wani ɗaki mai rufin kwano, taga ɗaya. Da ruwan Agusta ya zauna, na buɗe ƙofa wata safiya, wari ya mayar da ni baya. Ka ɗauki albasa, bayanta ja sumul, ka danna wuyanta da yatsa sai ya lotsa, baƙin ruwa ya biyo. Ni da matata muka kwana biyu muna tsincewa, hannuwanmu har suka yi fari. Daga baya wani dattijo manomi ya fahimtar da ni cewa wadda aka cika wa takin zamani, da mai kaurin wuya, da wadda aka shayar dab da cira, ba sa ajiyuwa. Ni kuwa girma na bi na saya. Ko wadda ta tsira ma sai da ta rame, domin albasa ruwa ce, tana tsotsewa a ajiye. Abin da ya cece ni, ban bar aikina ba. Ƙarshen wata ya zo, tukunya ta hau wuta.

Kada ka ɗauka ina nufin albashi ba shi da nasa haɗarin. Mu da muka ga 1993 mun san an rage albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu a shekara guda, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Na ga magidanta masu mutunci suna sayar da kujerun ɗaki. Kai da kake makarantar kuɗi ma, ranar da mai makaranta ya ce babu, babu ke nan. Saboda haka neman ƙofa ta biyu daidai ne, ban ga laifinka ba ko kaɗan.

Inda nake ja da kai shi ne filin. Abokinka in ya yi asarar kaka ɗaya yana da mota, yana da dillalai da suka san shi, za su ba shi kaya bashi ya miƙe. Kai in ta ruɓe, ba fili, ba aiki, ga haya ga kuɗin makarantar yara a Satumba. Kasuwa ɗaya za ku shiga, amma faɗuwarku ba ɗaya ba ce. Wannan shi ne sakin na hannu kamun na guje. Kuma ka tuna kuɗin adashin nan, da haƙurin uwargida aka tara shi. Ka zaunar da ita ku yi maganar tun kafin ta ji a bakin maƙwabta.

Ga kuma wata dama da Allah ya ba ka wadda ban ji ka ambata ba. Dogon hutun makaranta, Yuli da Agusta, ya faɗo daidai lokacin da albasa ta fi bukatar ido. Ka ɗauki kwasar adashi ɗaya, ka sayi buhu biyar ko goma a kaka mai zuwa, abin da in ya salwanta gaba ɗaya ba za a kwana da yunwa a gidanka ba. Ka shimfiɗa ta a kan rumfar kara, sama da ƙasa, inda iska ke ratsawa, kada ka bar ta a buhu. Duk mako ka juya, ka fitar da mai laushi. Ka buɗe littafi, kai malami ne: kuɗin saye, dako, hayar ɗaki, la'ada, da abin da ya ruɓe. In hutu ya ba ka sarari, ka bi abokinka tafiya ɗaya, ka hau dutsen nan na hanyar Gaundare a cikin motar kaya, ka ga abin da ake kashewa a shingaye, ka ga yadda mai saye a kudu yake karya farashi in ya lura kayanka sun fara tsiro.

Sannan ka tambayi abokin naka, cikin raha ba da zargi ba, shekara nawa ya faɗi kafin ta bara. In kun shirya haɗa jari, ko na buhu biyar ne, ku rubuta a gaban shaidu biyu yadda za a raba riba da yadda za a raba asara. Na ga albasa ta raba aminan da suka yi makarantar allo tare.

Ka yi istihara, ka bar filin nan inda yake. Bayan ka sayar da buhunan farko, ka sake rubuto mini da abin da littafin ya nuna, sai mu duba maganar barin aiki.