Zan je Kwatano sari, ban iya Faransanci ba

Tambaya: Anti dan Allah ki ban shawara, zan tashi daga Kaduna zuwa Kwatano saro atamfa, toh Faransanci ko kaɗan bana ji, ya zan yi da mutane? Ƙanwarki daga Tudun Wada.

Amsa: Ƙanwata kwantar da hankalinki. Ki fara sauka unguwar Zango, Hausawa ne cike, nan za ki canza naira zuwa sefa kuma ba za ki rasa mai raka ki kasuwa ba. In kin shiga ki gaida mutane da fara'a ko da hannu ne, wajen ciniki kuwa ki miƙa wa mai kaya kalkuleta, ta danna nata ki danna naki har ku daidaita. Ki sauke Faransanci a Google Translate tun kina gida saboda matsalar data, fasfonki kuma wallahi kar ki ba kowa riƙo.