Sunanta Butler, shin kakanta bafaden sarkin Ingila ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Ingila. Dattijuwar da nake haya a gidanta sunan danginsu Butler, kuma ta ce tun tana yarinya ake gaya musu cewa wani kakansu ya yi wa Sarki Edward na uku hidima a fada. Ta roƙe ni in taya ta bincike. Ta ina zan kamo bakin zaren?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika ɗauki maganar dattijuwar da muhimmanci. Amma bari in fara da abin da ba za ta so ji ba: kama da wane ba wane ba ne. Butler sunan aiki ne da ya samo asali daga Faransanci na da, ma'anarsa mai kula da kwalaben giya. A wancan zamanin duk wani gidan basarake ko gidan limaman coci yana da irin wannan ma'aikaci, kuma jikokinsu da yawa sun gaji sunan ba tare da wani nasu ya taɓa taka ƙofar fada ba.

Edward na uku ya yi mulki daga 1327 zuwa 1377. Shi bafaden kansa, in da gaske ya yi aikin, samunsa a rubuce ba wuya, domin fadar Ingila ta lokacin ba ta wasa da lissafi. Takardunta suna ajiye a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew a Landan, an rubuta su da Latin a kan fatar tumaki, an ɗinke fata da fata an naɗe kamar tabarma. Akwai naɗin da ake kira Patent Rolls, wanda ya fara daga 1201, da Close Rolls daga 1204. A cikinsu ake rubuta naɗin muƙami, kyautar sarki da fansho. An fassara yawancinsu a taƙaice zuwa Turanci an buga, don haka ba sai kin iya Latin za ki fara ba.

Dubi Geoffrey Chaucer, wanda duniya ta fi sani da waƙa, alhali abincinsa daga hidimar sarki yake ci. An kama shi a yaƙin Faransa, kuma takardun fada sun nuna Edward ya bayar da fam 16 wajen fansarsa a 1360. A 1367 aka yanka masa mak 20 duk shekara, shi kuwa mak ɗaya sule 13 ne da kwabo 4. A 1374 har tulun giya guda aka ba shi kowace rana. Kin ga yadda suke bin diddigin komai. Abin dariyar shi ne, ɗansa Thomas ne ya riƙe ainihin muƙamin babban mai kula da giyar sarki daga 1402, kuma sunansa Chaucer, ba Butler ba.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Takardun albashi suna faɗin aikin mutum, ba su cika faɗin 'ya'yansa ba. Dangantaka tana fitowa ne in akwai ƙasa a tsakani. Idan wanda ke riƙe da ƙasa kai tsaye daga hannun sarki ya rasu, jami'in sarki kan tara mutanen yankin, su rantse su faɗi abin da mamacin ya bari, ranar da ya rasu, wane ne magajinsa, kuma shekarunsa nawa. Takardar da ake rubuta wannan bayani a ciki ita ce na fi ƙauna. In magaji na son ya nuna ya cika 21, sai a kira shaidu, wani ya ce ya tuna ranar haihuwarsa don a lokacin ya karye a ƙafa, wani ya ce a shekarar aka haifa masa ɗa. Saboda ƙasa ne aka san Thomas Chaucer, da ya rasu a 1434, 'ya ɗaya ya bari, Alice, wadda ta auri William de la Pole na Suffolk. Ƙaramin bara kuwa da bai mallaki ko taki ɗaya ba, yakan ɓace daga rubutu ranar da aka daina biyansa.

Saboda haka kada ki fara daga fada ki gangaro. Ki fara daga dattijuwar ki yi baya, mataki-mataki. Rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta gwamnati ta fara a 1837, ƙidayar 1841 kuma tana ɗauke da sunayen mutane. Kafin nan sai littattafan coci na baftisma, aure da jana'iza, waɗanda Thomas Cromwell, ministan Sarki Henry na takwas, ya ba da umarnin a riƙa ajiyewa a 1538, ko da yake da yawa daga 1558 suka fara ko bayan haka. Tsakanin rasuwar Edward da 1538 akwai shekara 161, kimanin zuriya biyar ko shida bi da bi, kuma a wannan ramin ne yawancin masu bincike ke tsayawa. Abin da ke cike shi sai wasiyya, takardun cinikin ƙasa, littafin kotun ƙauye, da jerin masu biyan harajin kai na 1377, 1379 da 1381.

Ki kuma kula da kwanan wata. Takardun fada da shekarar mulkin sarki suke lissafi, kuma har zuwa 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa. Bishiyar dangin da ake liƙawa a intanet kuwa, in babu takarda a bayanta, ki bar ta inda kika gan ta.

Wannan makon, ki zauna da ita ki rubuta sunan iyayenta da kakanninta, da garin da aka ɗaura auren kowannensu. In kin samu sunan cocin da ya fi daɗewa a jerin, ki sake rubuto mini, in gaya miki ma'adanar gundumar da za ki nufa.