Abin da mutum ya "gano" a mayen LSD, gaskiya ne ko ruɗi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fahimtar da wasu suke cewa sun samu bayan shan LSD (ƙwayar maye mai jirkita gani da tunani) ko naman kaza mai sinadarin silosaibin tana nuna ainihin yadda hankalin ɗan Adam yake. A ganina abu biyu ne ka haɗa: jin da suke yi, da yaƙinin da suke samu cewa sun gano gaskiya.

Jin da suke yi na gaske ne. Sinadaran suna kama wuraren da serotonin, sinadarin isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, yake aiki a ƙwaƙwalwa, kuma binciken masanin ƙwaƙwalwa Robin Carhart-Harris a Landan a 2012 ya nuna silosaibin yana rage aikin sassan da suke riƙe tunanin "ni ne wane". Shi ya sa mutum zai zura wa tafin hannunsa ido, ya ga zanen yana motsi, ya kasa gane inda jikinsa ya tsaya da inda ɗaki ya fara. Albert Hofmann, wanda ya haɗa LSD a 1938, ya ɗanɗana irin wannan a 1943.

Inda nake jan hankalinka shi ne yaƙinin. Ƙwayar tana iya sa ka ji ka tabbatar da abu ɗari bisa ɗari ko da babu komai a ƙarƙashinsa. Idan wani ya farfaɗo ya ce ya gane ya daɗe yana ƙuntata wa matarsa, wannan ana iya auna shi da rayuwarsa. Idan ya ce ya ga asirin halitta, da me za a auna?

Kuma ina roƙonka, kada ka gwada. Ga mai tarihin taɓin hankali a danginsa, sha ɗaya yana iya tayar da ciwon. Ko Ostireliya da ta halatta silosaibin a 2023, sai a hannun likitan ƙwaƙwalwa, don baƙin cikin da ya gagari magani.