Na goge tallar, washegari ta dawo: yaya zan yi da kwamfutar shagona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da shagon buga takardu da cike fom ta intanet a Gusau, kwamfutar tebur ce mai Windows 10. Kusan wata biyu kenan da zarar na buɗe Chrome sai shafuka su dinga buɗe kansu, na caca ne, na batsa ne, wani lokacin ma ban taɓa komai ba sai talla ta faɗo a ƙasan allo ta hannun dama. Rannan ina cike wa wata yarinya fom mahaifinta na tsaye a kaina abin ya fito, wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sa antibairos ɗin Smadav ya duba ya ce ba komai, na cire wani ekstenshon (ƙaramar manhajar da ake liƙa wa Chrome) da ban sani ba washegari ya dawo. Yaron da ke mana gyara ya ce sai dai fomatin, ni kuma takardun mutane ne cike a ciki.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya rufa asiri. Kada ka yi fomatin tukuna, amma yau ɗin nan ka kwafe takardun mutane zuwa filash ko wani hadis (hard disk) na waje, wannan ko kwamfutar lafiya lau take ya kamata a ce ka yi.

Daga bayaninka ina ganin matsala biyu ce ta haɗe maka. Waccan tallar da ke faɗowa a kusurwar dama galibi ba ƙwayar cuta ba ce ma, izini ne wani ya bayar. Akwai shafukan saukar da fim da waƙa da ke cewa danna Allow ka tabbatar kai ba mutum-mutumi ba ne, ana dannawa shikenan an ba su damar turo sanarwa duk sanda suka ga dama, kuma ba antibairos ɗin da zai ce maka komai tunda a wajensa kai ka yarda. Ka rubuta chrome://settings/content/notifications a wurin adireshi, ka sauka ƙasa wajen shafukan da aka ba izini, duk wanda ba ka gane shi ba ka toshe shi. Tunda shago ne, hannu da yawa ke taɓa ta, ni da zan ba ka shawara ka hana shafuka neman izinin ma gaba ɗaya, zaɓin yana nan a sama.

Ta biyun ita ce mai taurin kai, wato ekstenshon ɗin da ke dawowa. Ba da kansa yake dawowa ba, akwai wani abu a ɓoye da ke sake dasa shi, kamar ka nome ciyawa ka bar saiwarta a ƙasa ne. Saboda haka mai dasawar za mu fara nema.

Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta appwiz.cpl ka danna Enter. Jerin manhajojin da ke kan kwamfutar zai fito, sai ka danna kan Installed On su jeru bisa kwanan wata, ka duba abin da ya shiga daidai lokacin da matsalar ta fara. Sau da yawa za ka ga uku ko huɗu sun shiga rana ɗaya alhali abu ɗaya aka sauke, masu suna irin na mai ƙara gudu, mai sabunta direbobi, mai juya PDF, ko wata burauza da ba kai ka sa ba. Cire su, amma ka karanta abin da yake tambayarka lokacin cirewar, wasu har a nan suke ƙoƙarin cusa maka wani.

Inda yawancin masu gyara ba sa leƙawa kuwa shi ne Task Scheduler, wurin da ake saita ayyukan da ke tashi da kansu, kuma nan ne maɓoyar. Windows da R kuma, rubuta taskschd.msc, shiga Task Scheduler Library, ka dinga danna ayyukan ɗaya bayan ɗaya kana duba shafin Actions. Abin da kake nema aiki ne mai suna marar ma'ana, haruffa da lambobi a hargitse, ko mai kwaikwayon sunan Chrome, wanda aka saita ya tashi duk sanda aka kunna kwamfuta ko duk bayan 'yan mintuna, yana kiran wani fayil daga cikin foldar AppData ko ta Temp, ko yana kiran powershell (manhajar ba Windows umarni a rubuce) da wani dogon rubutu, ko ma adireshin shafi ƙiri-ƙiri. In ka same shi ka rubuta inda fayil ɗin yake a takarda, ka yi masa Disable tukuna kada ka goge, don in kuskure ne ka iya mayarwa. Ka lura OneDrive na Microsoft shi ma wani lokacin a AppData yake zaune, shi halal ne, haka na sabunta Google da Edge, ƙyale su. Bayan nan danna Ctrl da Shift da Esc ka shiga Startup, nan ma ka kashe baƙin fuska.

Sannan ka buɗe Chrome ka danna ɗigo ukun nan na sama, in ka ga an rubuta Managed by your organization a can ƙasa, to kai da ba kamfani ke kula da kwamfutarka ba, adwaya ce, wato manhajar cusa talla, ta naɗa kanta shugaba. Hanya ce da Google ya tanada don ofisoshi da makarantu su tilasta wa ma'aikata ekstenshon, su kuma ɓata-gari suka hau kai, shi ya sa wani lokacin maɓallin Remove ɗin ma ba ya dannuwa. Rubuta chrome://policy, in ka ga ExtensionInstallForcelist to ga ɓarawon nan. Ana cire shi ta Registry, rumbun saitin Windows, amma ban so ka shiga can da hannunka, akwai hanya mai sauƙi.

Sauke AdwCleaner, na kamfanin Malwarebytes ne, kyauta ne, ƙarami ne ba zai ci maka data ba kuma ba sai an girka shi ba. Daga malwarebytes.com kaɗai za ka ɗauko shi, kada ka danna sakamakon farko mai alamar talla a Google, jabun sun yi yawa. Kafin ka danna Scan shiga Settings ɗinsa ka kunna Reset Chrome Policies, ya gama duba ya killace abin da ya samu ka sake kunna kwamfutar. Smadav ba laifinsa ba ne, shi ƙarfinsa a cututtukan filash yake. Daga nan ka shiga Windows Security, Virus & threat protection, ka duba Exclusions, domin manhajojin kirak, wato waɗanda aka fasa don a yi amfani da su ba biya, kan saka foldarsu a nan don kada Defender, antibairos ɗin Windows, ya taɓa su, share duk abin da ka gani wanda ba kai ka sa ba, sai ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi ta yi binciken kafin Windows ya gama lodi, kamar minti 15, ka tabbata janareto na kunne kada wuta ta ɗauke a tsakiya.

Saura ƙananan wurare biyu. Danna-dama kan alamar Chrome da ke kan allo, Properties, duba Target, ya kamata ya ƙare da chrome.exe, in akwai adireshin shafi a bayansa goge shi. Sai kuma akawun ɗin Google da ke cikin burauzar, in Sync, mai kwafe saitin burauza zuwa akawun, a kunne yake to shi ma yana iya dawo da ekstenshon, musamman in kwastomomi suna shigar da Gmail ɗinsu su tafi su bar shi. Su dinga amfani da Guest, wato shigar baƙo ta Chrome.

In duk ka yi wannan talla ba ta daina ba, cire Chrome ɗin gaba ɗaya ka sake sauke sabo. A Disamban 2020 Microsoft ya fitar da bayani kan wata mai suna Adrozek wadda ke canza fayilolin burauzar kanta a Chrome da Edge da Firefox, kuma shawarar da suka bayar kenan, a sake girkawa. Irin waɗannan har kalmar sirri suna kwashewa, don haka ka canza ta imel ɗinka da ta shafukan da kake cike fom, daga wayarka za ka canza ba daga kwamfutar ba. Kuma Alhaji ka tambayi yaron nan mai gyara me ya sa maka wata biyu da suka wuce, in IDM ne (manhajar saukar da fayil) na kirak ko abin kunna Office na bogi, to daga nan ta shigo, kuma ko fomatin ya yi in ya mayar da su za ta dawo.

Tambaya: Malam barka da aiki, ni malamar makaranta ce a Zariya. Kwamfutar ofishinmu Windows 7 ce, wani shafi ya cika allo yana ƙara yana cewa akwai bairos guda biyar, in kira wata lamba. In kira?

Amsa: A'a Malama, kada ki kira, kuma kada ki danna komai a ciki. Shafin intanet ba ya iya bincika kwamfutarki, kuma Microsoft ba ya sa lambar waya a gargaɗinsa, 'yan damfara ne za su ce ki ba su damar shiga daga nesa. Danna Ctrl da Shift da Esc ki zaɓi burauzar ki rufe ta daga can, in kin sake buɗewa ta ce Restore ki ƙi. Abin da ya fi damuna shi ne Windows 7 ɗin, tun Janairun 2020 aka daina tura masa gyaran tsaro, Chrome ma ya tsaya a siga ta 109 a kansa. Windows 10 ɗin ma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Ki gaya wa shugaban makaranta, kafin a canza ta a bar ta wa taifin da firintin kawai, kada a shiga akawun ɗin banki ko na albashi a kanta.