Tambaya da Amsa: Ɗaurin Notin Ƙofa da Gilashin Mota

Tambaya: Assalamu alaikum. An canza mini injin ɗaga gilashi a Corolla, kwana uku gilashin ya tarwatse ina kan hanyar Daura, ba wanda ya jefe shi. Ƙofar kuma sai an buga da ƙarfi take rufuwa. Bakanike ya ce ya ɗaure komai tamau. Ina matsalar take? Daga mai karatu, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan "tamau" ɗin ita muke zargi. Kowane noti da iyakar ɗaurinsa, ana auna shi da niyuton-mita, wato Nm.

Notocin da ke riƙe gilashi da injinsa ƙanana ne, masu kan sifana 10. Na injin ba sa wuce Nm 8 zuwa 10, na jikin gilashin ma ƙasa da haka, wajen 5 zuwa 6. Nm 8 kamar ka rataya kilo 4 ne a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20. Yatsu biyu sun isa. Gilashin gefe gasasshe ne, ba ya tsagewa a hankali kamar na gaba. In aka matse shi, ko aka manta robar da ke tsakaninsa da ƙarfe, sai ya zauna a takure. Rami ɗaya a hanya, ya zube kamar tsakuwa.

Akwai kuma tsarin ɗaurin. A kama notocin sako-sako, a ɗaga gilashin har sama ya zauna daidai cikin robarsa, a sauke, sannan a ƙarasa. Wanda ya ɗaure tun gilashi na karkace, injin zai riƙa gurnani har ya ƙone. Ƙurar hunturu da ke cika robar gefe tana ƙara masa nauyi, a goge ta.

Ƙofa kuwa, notocin hinji sun fi girma: kan sifana 12 a motocin Japan, ɗaurinsu wajen Nm 25. Ƙarfen da makulli ke kamawa a jikin mota shi ma kusan haka ne. A sassauta shi, a gusa shi kaɗan har ƙofa ta rufu da turi ɗaya, sannan a ɗaure. Amma ka buɗe ƙofar ka ɗaga ta daga ƙasa tukuna. In tana wasa, fil ɗin hinji ne ya cinye, ɗauri ba zai yi magani ba.

Kada a shafa giris a haƙoran noti, domin santsi na sa a zarce awo ba a sani ba. Sifanar awo kuma, wato wadda ke auna ƙarfin ɗauri, in ta yi ƙas sau ɗaya, a tsaya. Ainihin adadin yana cikin littafin gyaran motarka, ka sa a duba kafin a saka sabon gilashin.