Tambaya da Amsa: Fihirisar bitmap ta sanƙarar min da manhaja

Tambaya: Malam, ina da tebur a Oracle, manhajar ajiye bayanai, mai ginshiƙin "matsayi", ƙimominsa uku kacal: sabo, ana aiki, an gama. Tun da na ɗora masa fihirisar bitmap, wato fihirisar nemo layuka da sauri da ake ginawa da jerin 0 da 1, da ma'aikata sun yi yawa sai manhaja ta sanƙare. Na lalata bayanan ne? Kuma wai ina kalmar "an gama" take a cikin tarin 0 da 1 ɗin nan?

Amsa: Kwantar da hankalinka, bayananka lafiya lau suke. Kalmar ba ta cikin lambobin, tana zaune a kansu a matsayin mabuɗi. Kowace ƙima da nata jerin 0 da 1, kowane layi kuma da gurbinsa a kowane jeri. In layi na biyar "an gama" ne, gurbinsa a wannan jeri 1, a sauran biyun 0. Oracle kan ajiye ƙimar, da adireshin layin farko da na ƙarshe, sai jerin a matse. Har NULL, wato inda ba a sa wata ƙima ba, ma da nasa jeri.

To, ga abin da ya ishe ni. Kullum sai na ji wani yana koya wa mutane wai "in ƙimomi kaɗan ne, sa bitmap kawai". Rabin magana ce, kuma rabin da aka yar shi ne mai haɗari. Duba da kyau: ma'aikaci ɗaya ya mayar da layi ɗaya daga "sabo" zuwa "ana aiki". Jeri biyu ya taɓa, ya goge 1 a nan, ya rubuta shi a can. Oracle ba ya kulle gurbi guda, guntun jerin gaba ɗaya yake kullewa, kuma guntun nan na iya ƙunsar layuka ɗaruruwa ko dubbai. Duk wanda layinsa ya faɗa ciki sai ya jira na farko ya kammala. Wani lokaci ma mutum biyu su riƙe wa juna hanya, har sai Oracle ya soke umarnin ɗaya. Masu wannan shawara ba sa faɗa maka haka, domin a tebur mai layi goma suka gwada, su kaɗai.

Tun 1987 masanin kwamfuta Patrick O'Neil ya bayyana dabarar bitmap a Model 204, wani tsarin ajiye bayanai, kuma ƙarfinta wajen karatu ne: haɗa jeri da jeri da AND ("da") ko OR ("ko") cikin ƙiftawar ido. Gidanta rumbun rahotanni, wanda ake lodawa da dare a karanta da rana.

Cire ta daga teburin nan yau. In har kana bukatar fihirisa a ginshiƙin, sa B-tree, wato fihirisar da aka saba da ita, ka gwada da mutum ashirin suna rubutu lokaci guda.